Sagiru Ba Mashayi Ba Ne

Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Alhaji Abdulrauf, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin ta ƙani ga yayansa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya Munira da yara. Allah Ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya sa albarka a kasuwa. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, geron Miga ya fitar da kai, maiɗakina Lauratu ma ta warke daga zazzaɓin da ta yi. Na rubuto na ba direban tirela ne saboda duk sanda na kira ka sai ka ce kana kan hanya, maganar nan kuwa ba ta tsaye ba ce.

Yaya, ka san ni. Na baro Miga na shigo Dutse da riga ɗaya da takardar sakandaren da ba ta taɓa sama mini aiki ba. Na yi dakon siminti, na yi kwaɓa a ƙarƙashin wasu, yau injinan buga bulo nawa ne, tifa tawa ce. Na gina gidana, na sauke farali, na aurar da 'yata Halimatu Sa'adiya, ban taɓa miƙa wa ɗan'uwa hannun roƙo ba, har da kai. Ba gori nake yi ba. So nake ka tuna cewa wanda ya yi wannan, yaro ba zai raina masa hankali ba. Leburori nawa na kora a kan ƙwaya da maganin tari? Na san idon mashayi, na san warinsa. Sagiru, ɗan ƙaninmu marigayi Muslim, ba mashayi ba ne.

Ka tuna bara da hanjinsa ya murɗe ya ruɓe, likitoci suka yanke mafi yawan ƙaramin hanjin suka haɗe ragowar. Ya tashi, amma ya rame kamar kara, zawo ba ya barinsa. Sai kakarsa Gwaggo Gaji ta yi alwashin mayar masa da jikinsa. Ka san hannunta: fura da nono mai kauri, ta zuba zuma, ta ƙara sukari, ta tsaya a kansa sai ta ga gindin ƙwarya. Masu dubiya su ma daga dabino sai lemon kwalba. Daga nan abin ya fara. Sai ka ga yaro yana tangaɗi, harshe ya yi nauyi, magana ba kai ba gindi, har ya daka wa uwarsa Rakiya tsawa, yaron da ko ido ba ya haɗawa da babba. In ya kwana ya wuni sai ya dawo daidai, bai ma san me ya yi ba. Mutanen gari suka ce ya koyi shaye-shaye.

Wata rana abin ya taso masa ina Miga, na sa shi a mota na kawo shi asibiti nan Dutse. An gwada jininsa, babu giya, babu ƙwaya. Likitan ya tambayi abin da ya ci, ya dubi ɗinkin cikinsa, sannan ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce hanjin da ya rage wa Sagiru ya yi gajarta, ba ya iya tsotse gero da sukari gaba ɗaya, sai su gangara babban hanji. A can wasu ƙwayoyin halitta suke tsamama su, kamar yadda ƙullun koko yake tsami in ya kwana. Tsamin nan shi ke shiga jini ya hau ƙwaƙwalwa, mutum ya zama kamar wanda ya bugu. Da Turanci suna ce masa D-lactic acidosis. Ya ce gwajin da aka saba yi ba ya kama irin wannan tsamin, kuma in ya yi yawa mutum zai iya suma bai farka ba. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi magani, aka kafa masa doka: ban da nono da zuma da kayan zaƙi, tuwo ɗan kaɗan, ya riƙa cin ƙwai da nama da kifi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Na riƙe shi a gidana. Lauratu ta ware masa tukunya, ni nake aika a kawo busasshen kifi daga Haɗeja. Tun daga bayan ƙaramar Sallah har shigowar damina ko tuntuɓe bai yi ba, har ya fara zama yana karɓar masu sayen bulo. Na je na yi wa Gwaggo bayani da bakina. Da ta ji an ce tsami ne, sai ta ce to a jiƙa masa kanwa mana. Na ce likita ya hana a yi masa haɗe-haɗe. Ta ce ita dai zuma waraka ce. Na ce ban musa ba, amma ruwan sama ma rahama ne, yana kuwa rushe katangar da ta tsage. Ta ce boko ya ɓata ni, ni da bokon ma bai ishe ni ba.

Sai ga sunan jaririn ɗan'uwanmu Jamilu a Miga, Sagiru ya roƙe ni ya je. Gwaggo ta ja shi ɗaki, ta ce wai ni Barau ina kashe shi da yunwa, ta dire masa ƙwaryar fura. Yaya, wane ɗa ne a gidanmu zai ture hannun kakarsa? Ya sha. Kafin La'asar ya faɗi a ƙofar gida a gaban 'yan suna, yana sambatu. Suka ce ai ga abin da yake koya a Dutse. Dangi suka hana ni tafiya da shi, suka yanke a kai shi gidan mari da zarar an gama yankan gero, kuma wai sun kira ka ka ce su yi abin da ya dace.

Me ake ci a gidan mari in ba kunu da garin kwaki da sukari ba? Za su ba shi, ya bugu, su ce ya samo ƙwaya a ɓoye, su ƙara masa mari da bulala, gobe su sake ba shi. Wa zai kai shi asibiti in ya suma? Rashin sani ya fi dare duhu. Da na je duba shi ya riƙe mini hannu ya ce, "Baffa, wallahi ko sigari ban taɓa sha ba. Kar ka bari su kai ni." To, a gidan nan ni ƙarami ne. Tifata tana kai musu taki, amma maganata ba ta tsallake zaure.

Kai ne babba, kai suke ji. Ka kira Gwaggo, ka kira Rakiya, ka ce a ba ni yaron. Ba na neman komai daga hannunka, ban taɓa nema ba. Kalma ɗaya kawai, kafin lauje ya shiga gona.

Ka gaida Hajiya Munira da Ziyad da Abdurrahman, Allah Ya yi musu albarka. Lauratu tana gaishe ku. Sagiru ma ya ce in gaishe ka, ya ce wai in ba ka haƙuri a kan kunyar da ya jawo wa gida, shi da bai yi laifin komai ba.

Abu na ƙarshe. In ka aika musu, kada ka ce a bai wa "wani daga cikinmu". Ka kama sunana, ka sa a rubuta a gaban dangi cewa riƙon ɗan Muslim yana hannun Barau, ba mai ba shi ko cokali ɗaya sai da sanina. In kuwa ka yi shiru suka kai shi, to shi ma a rubuta, domin ranar da za mu haɗu da Muslim zai tambaya, a ce masa: mutum ɗaya ya ce a'a, ga sunansa.

Wassalam. Ni ne ƙaninka,

Alhaji Barau Mai Bulo, Dutse.