Abincin Rana da Sabon Kantin Bakin Tasha

Kontagora,
Agusta, 1974.

Zuwa ga Yayata Zaituna, a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Baƙo da yara. Na ji an ce Hafsatu ta fara tafiya, Allah ya raya mana ita. Mu nan lafiya lau, ruwa yana sauka yadda ake so, dawa ta yi kyau tun daga nan har Salka. Labarin da ya zo daga Rijau shi ne ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma gona duk da an hana shi.

Yaya, akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ba ni da wadda zan faɗa wa sai ke, kuma don Allah kada ta kai kunnen Baba. An buɗe wani sabon kanti a tsakiyar gari, bakin tashar mota, irin wanda kika taɓa ba mu labarinsa muka ce kin ƙara gishiri. Mutanen gari sun sa masa suna Ɗauki-da-kanka. A gefe guda a cikinsa ana sayar da dafaffen abinci, kuma ƙofarsa tana kallon shagon da Malam, maigidana, yake gyaran rediyo. Kin san da can in ya yi azahar sai ya rufe shago ya zo gida ya ci abinci. Tun da aka buɗe wurin nan ya daina. Sai bayan la'asar yake shigowa, ya ce a ƙoshe yake. Kwanonsa yana nan rufe da faifai har ya huce, ga Inna mahaifiyarsa a zaune tana kallon ƙofar ɗakina. Ta ce namiji ba ya barin abincin matarsa haka kawai, ko dai na ɓata masa rai ina ɓoyewa, ko kuwa littattafan nan sun cinye mini hankali har na manta da gishiri. Na tambaye shi, ya ce ba komai, aiki ne.

Ke kin san ni da karatu. A duk labarin da na karanta, in namiji ya ce ba komai, to akwai wata a bayan maganar. Sai kuma Salome maƙwabciyarmu ta gaya mini cewa mace ce take sayar da abincin, sunanta Agatha, ta yi makarantar mishan, tana sa farar hula. Tun daga ranar na zauna na ƙera ta a raina. Na ba ta dogon wuya da wushirya, na ji irin dariyarta, har na tsara abin da zan faɗa mata in mun haɗu, maganar da za ta sa ta sunkuyar da kai. Ina tuƙa tuwo ina maimaitawa.

Ranar da Malam ya ba ni izini in je barka Tudun Wada, a hanyar dawowa na roƙi Salome muka ratse ta tasha. Barkar kaɗai aka yarje mini, na sani. Yaya, wurin nan bai kwanta mini ba tun daga bakin ƙofa. Ba wanda ya amsa sallamarmu, ba wanda ya tambayi mutanen gida. An jera gwangwanaye da sabulu da sukari har sama, ba mai tsaro a bayansu, wai kai za ka ɗauka ka sa a kwando ka biya a ƙofa. Amma akwai wani mutum a tsaye da yake bin hannun kowa da ido, har sai da na cusa nawa cikin mayafi. Salome ta ɗauki gwangwanin madara ta ce nawa zai bari, sai mutumin ya nuna mata 'yar takardar kuɗin da aka manna a jiki, ko baki bai buɗe ba. Ta ajiye ta ce ita ba ta ciniki da kurma. Ni dai abin da nake tunani, mutumin da ya saki kayansa haka, kuma ba ya son a yi magana, me yake ɓoyewa?

Abincin yana cikin wani akwatin gilashi da ƙwan lantarki a ciki don kada ya huce. Akwai soyayyen kifi da kaza, da wani abu kamar burodi da aka naɗe nama a cikinsa aka toshe bakin. An dafa tun kafin kowa ya ce yana jin yunwa. Ba ka ga tukunyar ba, ba ka san wanda ya yanka ba. Agatha kuwa, ashe babbar mace ce, ta girme ki, ga tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura. Tana miƙa ƙunshi tana karɓar kuɗi, ba ta duban fuskar kowa. Duk maganar da na tsara ta bi ruwa.

Sai na hango shi. An kafa wani dogon katako a jikin bango, maza sun jeru a tsaye sun ba ƙofa baya, direbobi da sojoji da 'yan kamasho, ga Malam a tsakiyarsu. Ya tura hula ƙeya, yana ci daga cikin takarda, yana korawa da lemo mai sanyi a kwalba. Ba tabarma, ba ruwan wanke hannu, ba mai ce da wani bisimilla. Ni da nake durƙusawa in ajiye masa kwano, ban taɓa ganin yana cin abinci da irin wannan marmari ba. Na laɓe bayan tarin sabulu har ya goge baki ya fita.

Da ya dawo na faɗa masa abin da na gani. Ya fara da tambayar wanda ya ba ni izinin zuwa can, daga baya kuma muryarsa ta sauka, ya roƙe ni kada Inna ta ji. Ya ce mahaifinsa har ya bar duniya ba wanda ya taɓa ganin yana tauna ko goro a kan titi, in aka ce ɗansa magidanci yana cin abinci a tsaye a tasha, Inna ba za ta iya shiga mata ba. Na ce to me ya kai shi. Ya ce da rana masu rediyo suke zuwa, zuwa gida yana cin lokaci. Na tsare shi da ido, sai ya ƙara da cewa, "Can ba wanda yake tambayata komai, Barakatu." Har yau ina juya maganar nan.

Abin da ba mu sani ba, Inna ta riga ta aika Rijau a kira kawunmu Tanimu ya zo a ji laifina. Ya iso a motar hatsi, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kawu ya tambayi Malam abin da na yi masa. Ya ce ba komai, idonsa a ƙasa. Inna ta ce kawaici ne irin na ubansa, rufa mini asiri yake yi, in kuwa ba a gano bakin zaren ba gara in bi Kawu in je gida a sake mini tarbiyya. Aka juyo kaina. In na faɗi gaskiya na tona shi a gaban mahaifiyarsa da surukinsa, na kuma tona fitar da na yi. Na jira ya yi magana, Yaya. Na jira har Kawu ya sake maimaita tambayar. Malam kuwa yana ta jan zaren tabarma. Sai na ce laifina ne, ina ɗora miya in ɗauki littafi, kafin in farga ta kama. Nan take kowa ya yarda, ba wanda ya ko yi mamaki, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Kawu ya yi mini faɗa mai sauƙi, ya ce ba sai na bi shi ba. Inna ta kwashe littattafaina duka, har wanda kika aiko mini ban kai ƙarshensa ba, ta kulle a akwatinta.

Yanzu Malam yana zuwa da azahar, yana ci a gaban Inna, ita kuma tana gaya wa maƙwabta ta gyara gidan ɗanta. Ni da nake kwashe kwano na san loma nawa yake yi, kuma na san mai yunwa ba haka yake ci ba. Jiya da zai koma shago ya zaro wani ƙunshin takarda daga aljihun rigarsa ya ajiye mini a bakin gado. Burodin nan ne mai nama, da sauran ɗuminsa. Ban sani ba ko ban haƙuri ne, ko so yake ni ma in ci don bakina ya rufu gaba ɗaya. Na ɓare shi na dudduba naman, na sansana, na ajiye, na sake ɗauka. Daga ƙarshe na juya wa ƙofa baya na cinye shi a tsaye, ina sauraron tarin Inna. Yaya, yana da daɗi ƙwarai, kuma tun jiya abin da yake ba ni tsoro ke nan.

Ki rubuto mini gaskiya, ke da kike cikin irin waɗannan wurare. Mazanku na can suna dawowa ga kwanon gida da zuciya ɗaya, ko haka kowa ya haƙura? Ki aiko amsar ta hannun Salome, kada ta biyo ta shago.

Ki gaishe mini da Malam Baƙo, ki sumbaci Hafsatu, ki gaida Gwaggo Kulu in kin je wajenta. Salome tana gaishe ki da kyau. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Barakatu.