Abin da Muzzammil Ya Yi wa Muryar Baba

Gwandu, Jihar Kebbi.

Zuwa ga Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Habiba da yara, a can Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku. Mu nan alhamdu lillahi. Shinkafar fadama ta yi kyau bana, Zulai ta sauka lafiya an samu ɗiya mace, ƙafar Inna ce dai take tashi jefi-jefi.

Yaya, da gangan na ƙi kiran ka a waya, don na san in na buɗe baki zan faɗi abin da bai kamata ƙane ya faɗa wa wansa ba. Maganar ɗanka Muzzammil ce. Ka san yadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya bar mana ƙungiyar kiɗansa, Sanyin La'asar: jita da goge da kalangu a hankali, mutane na zaune suna shan shayi suna hira, waƙa na ratsa su. Da Muzzammil ya gama makaranta ya dawo da kwamfutar da ka saya masa, ni na ja shi cikinmu da hannuna, ina murna jinin Baba ya motsa. Da farko ɗan bugu yake saka mana a ƙarƙashin goge, na ƙyale shi. Daga baya ya fara kawo wasu sautuka kamar injin niƙa ya shaƙe, yana cewa gwaji ne. Har ya dubi Lukuman mai kalangu, mutumin da ya yi furfura yana yi wa Baba kiɗa, ya ce masa na'ura ta fi shi riƙe kiɗa. Lukuman ya rataya kalangunsa ya koma garinsu Ceberu, bai sake leƙo mu ba.

Duk wannan na haɗiye. Sai ya je ya lallaɓa Inna ta ba shi kaset-kaset ɗin Baba, wai zai juye su a kwamfuta kafin su lalace. Kaset ɗin da ko ni ba ta bari in taɓa!

Ranar Asabar aka kira mu Kalgo, bikin ɗiyar Alhaji Abdulrasheed. Ya nemi mu ne saboda Baba ya yi wasa a nasa auren, har ya aiko da mota a ɗauko Inna. Bayan la'asar na ɗaga goge ke nan, sai yaron nan ya danna kwamfuta, lasifika ta ɗauki wani bugu mai girgiza ƙirji. A cikinsa sai ga muryar Baba. Ya yayyanka ta, ya matse ta, kalma ɗaya tana ta maimaituwa kamar an shaƙe shi. Ba zan ɓoye maka ba, samari sun zuba rawa har ƙura ta tashi, suna ta ɗauka a waya. Dattawa kuwa suka fara neman takalmansu. Ni na tsaya da goge a hannu kamar wawa. Inna ta yafito ni, ta tambaye ni a hankali me ya sami bakin Malam, ita tun da ta san shi bai taɓa in'ina ba.

Da na tare Muzzammil washegari, ko kunya bai ji ba. Ya ce namu kiɗan na sa barci ne, shi ya raya Baba, mutanen Legas da na ƙasashen waje suna ta sauraro a intanet. Ashe tuni ya watsa shi, da sunan ƙungiyarmu a kai! Ya ce kai ma ya tura maka, ka ce ya yi ƙoƙari. Wannan ya fi ƙona mini rai. Muryar ubanka ce fa, Yaya. Ka saurara kuwa, ko yabo kawai ka yi?

Ban hana shi kiɗansa ba. Yana da kai, ya je ya yi abin da zamaninsa ke so. Amma ka kira shi, ya cire muryar Baba daga inda ya saka ta, ya nemi wani suna, kuma ya taka har Ceberu ya ba Lukuman haƙuri. In bai yi ba, kada ya sake zama kusa da ni a wurin wasa.

Na ƙwato kaset ɗin na kai wa Inna. Ta ƙi karɓa. Ta ce in ajiye a wurina, tana tsoron ta kunna ta ji shi haka.

Ka gaishe da Habiba da Anas da Safiya. Zulai da Kulu suna gaishe ku. Inna ma ta ce a gaishe ka, ba ta san na rubuta wannan ba.

Ƙanenka,
Sule.