Rasuwar Baba Mai Cigiya da Cigiyar da Bai Samu Karantawa Ba

Cikin alhini da karayar zuciya irin wadda ba mu taɓa ɗanɗana ba tun da aka kafa wannan gida, Hukumar Gudanarwa, Shugaban Tasha da ɗaukacin ma'aikatan gidan rediyonmu na gari suka karɓi labarin rasuwar ubanmu kuma malaminmu, Babban Mai Gabatar da Shirye-shirye na farko, Mai Ba Hukuma Shawara, dattijon arziki Alhaji Baba Mai Cigiya, wanda Allah Ya yi wa cikawa a asibitin gari bayan fama da ciwon ƙirji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ya ƙara mana ciwo shi ne a takarda muke sanar da ku, domin na'urar watsa shirye-shiryenmu ta ƙone tun ranar da tsawa ta faɗa wa eriyarmu a farkon damina, kuma har yau ba a jin mu. Mutumin da ya sanar da rasuwar iyayenmu, yau an rasa makirufon da za a sanar da tasa.

Ba a ba da tarihin tashar nan ba tare da marigayi ba. Garinmu a ƙarshen hanya yake, jarida ba ta isowa sai labari ya tsufa, kuma a haka aka buɗe tashar a wani tsohon sito bayan gidan waya, da janareta na aro da katifun da aka kafe a bango don kada ƙarar injin niƙan maƙwabta ta shiga shiri. Muryarsa ce ta fara fita daga wannan sito, a lokacin da ko kasuwar dabbobi muryarmu ba ta kaiwa. Shi ya ja ma'aikata suka ɗauki ƙarafan eriya a ka zuwa kan dutsen bayan gari, har ƙauyukan da babu waya suka fara kama mu. Ya yi aiki da shugabanni da dama, wasu sun zo da alkawari sun tafi da shi, shi kuwa yana nan a kujerarsa da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da waya, yana tsokanar injiniyoyi cewa na'urar tamu ta fi shi tari.

Shirin cigiya ne ya ba shi sunan da ya danne na yanka. Ta bakinsa aka gano jakuna da awaki, da tsofaffin da suka fita suka manta hanya, da magidantan da suka tafi neman abinci gida ya daina jin ɗuriyarsu. Yana da doka guda da duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha faɗa a kanta: ba a cewa mutum ya ɓata, ba a cewa ya gudu. "Akuya ce ke ɓata," in ji shi. "Mutum jinkiri yake yi. In ka ce ya gudu, da wane ido zai dawo?" Mutane da yawa sun koma gidajensu saboda wannan kalma, domin ta bar musu mutuncinsu.

Da izinin iyalinsa muke bayyana abin da ya rasu da shi a rai. Babban ɗansa, direban babbar mota, ya bar gida shekaru da suka wuce bayan wani saɓani tsakaninsu, kuma ba a sake jin inda yake ba. Mun sha roƙon marigayi ya saka shi a cigiya, amsarsa kullum ita ce, "Tashar nan ta jama'a ce, ba ta gidana ba." Mu da muka san shi mun san har da taurin kai irin nasa a ciki. Sai da ciwo ya kwantar da shi ya riƙe hannun Shugaban Tasha ya ce, "Ɗana, ku tada mini injin nan ko na ɗan lokaci ne. Saura cigiya ɗaya." Injiniyoyinmu sun kwance na'urar sun ɗaura, sun nemi madadin abin da ya ƙone a duk shagon gyara da ke garin nan ba su samu ba, wanda aka aiko daga nesa kuma yana can bayan gadar da ruwa ya cinye. Bai jira mu ba.

Hukumar Gudanarwa na miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa Hajiya, da 'ya'yansa mata, da jikokinsa, da dubban masu sauraro da ke murɗa rediyo kowace safiya suna jin shuuu. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi.

Ba mu da murya, saboda haka roƙo muke yi, gwiwa biyu a ƙasa. Muna roƙon shugabannin gidajen rediyo na manyan birane, waɗanda wasunsu ko sunan garinmu ba su taɓa ji ba, su ara mana makirufonsu su karanta wannan cigiya. Muna roƙon shugabannin ƙungiyar direbobi, da masu shayi na bakin tashar mota, da masu faci, da ma'aikatan gidajen mai, duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa ya karanta wa na kusa da shi. Ana cigiyar wani direba dogo, siriri, mai tabo a girar hagu, wanda abokan aikinsa ke kira Birki. Don Allah masu karantawa su kiyaye dokar mahaifinsa, su ce ya yi jinkiri.

Birki, idan saƙon nan ya iso ka, kada ka nemi tasharmu a rediyon motarka, ba za ka same mu ba. Ka kamo hanya. Babu wanda zai tambaye ka ina ka shiga. Mahaifiyarka na raye, amma jikin ya yi rauni ƙwarai tun bayan rasuwar, idanun kuma sun tafi, ba za ta gane fuskarka ba. Ta ce mu gaya maka ka ɗaga murya ka yi sallama tun daga ƙofar gida, domin muryarka sak ta mahaifinka ce, kuma tana so ta ƙara jin ta.

Sa hannu:
Malam Dogo Mai Labarai,
Kakakin Hukumar Gudanarwa, a madadin Shugaban Tasha da ɗaukacin ma'aikata.