Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Bodinga, 9 ga Oktoba, 1983

Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na tashar jiragen ruwa. Yaya Ikko da ruwan samanta? Da za ka iya aiko mana da kaɗan a cikin ambulan da ka kyauta, don geron bana ya tsaya iya gwiwa ya ƙi gaba. Mu nan lafiya lau, yaronka ma yana ci yana sha.

Hedimasta, Malam Na'Allah, ya ba ni ɗakin da na daɗe ina roƙo. Tsohon sito ne a bayan aji shida, cike da karyayyun bencina da gidan rina. Na share, na shafe bango da farar ƙasa, na rufe taga da zana don haske mai yawa yana tayar wa yaran hankali. Kowane yaro da tabarmarsa, inda na shimfiɗa ta yau nan za ta kasance gobe. Kayan aiki kuwa, ofishin ilimi sun ce gwamnati na tsuke bakin aljihu, sai na tara marafan kwalba da ƙwallon goruba da gwangwanayen madara.

Yara huɗu na samu, har da namu. Duk irinsa ne: ba magana, ba kallon ido, ƙara kaɗan su toshe kunne. A kwas ɗin da na yi a Jos otizim ake kiran abin, an ce ba hauka ba ne, ba kuma iska ba. A nan ba mai yarda da ni.

Ga abin da ya dame ni. Baba ya zo daga Mandera. Ya ce tun rasuwar Inna yaron ba ya amsa kiran kowa, wanda ba ya amsa kira kuwa an tafi da hankalinsa. Har ya yi magana da wani mai magani a wajen Kajiji, inda ake sa wa masu taɓin iska mari a ƙafa. Na taɓa leƙa irin gidan nan, Maigida, na ga yadda ƙarfe ke cin idon sawu. Yaron da ko ɗinkin riga ya taɓa masa wuya sai ya yini yana kuka! Na durƙusa na roƙi Baba. Ya ce ya ba ni zuwa a gama dashen albasa, zai zo ya ga ajin da idonsa. In bai ga canji ba, da jikansa zai koma.

Na san ba ka iya musa wa mahaifinka, ban ma ce ka yi ba. Na dai gaya maka ne don tsoron ya fi ƙarfina ni kaɗai. Allah ya tsare mana kai.

Taka,
Kulu

Bodinga, 13 ga Nuwamba, 1983

Maigida,

Ina gaishe ka da kyau. Wasiƙarka ta iso, da sabulun, wanda yanzu a garin nan sai mai hanya yake gani. Yaya murar? Ka daina kwana gaban fanka.

Aji yana tafiya. Yadda aka koya mana shi ne ka durƙusa daidai fuskar yaro, ka kira sunansa sau ɗaya a hankali, ka jira. In ya ɗago ko da ƙiftawar ido ce, ka ba shi abin da yake so. Zulaihatu, 'yar tela, yanzu tana ɗagowa. Mijinyawa, wanda a da sai an riƙe shi, yana zama a tabarmarsa ya jera gwangwanaye har a tashi. Uwarsa ta zo ta leƙa ta zana, ta koma tana hawaye.

Namu ne kawai bai motsa ba, kuma ina jin na san dalili. Idan na zo gabansa sai in ce “kai”, ko in tafa hannu. Ɗan fari ne, ta ina zan kira sunansa? Uwata har ta rasu ba ta taɓa ambatar sunan yayana ba. Da aka yaye yaron nan Inna ta ɗauke shi kamar yadda aka saba, ita ke kiransa safe da yamma da muryarta mai sanyi, kuma yana zuwa. Tun da ta tafi, ba ya jin sunan sai a bakin maza, da tsawa. Rannan na rufe ɗaki ni kaɗai na gwada, harshena ya ƙi. Kar ka yi mini dariya, kai ma “yaya mutumin” ka rubuto.

An fara dasa albasa a fadama. Duk sanda na ga jaki ɗauke da iri sai in tuna wa'adin Baba. Wani babba daga ofishin ilimi zai zo duba ajin a farkon watan gobe, Baba kuma ya aiko cewa ranar zai zo. Na roƙi Malam Na'Allah kada a buga ƙarfen makaranta a ranar, ya ce in kwantar da hankalina, ba abin da zai bari ya kunyata ni.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Kulu

Bodinga, 6 ga Disamba, 1983

Maigida,

Ina fata kana lafiya. Kafin komai, yaronka na da rai, ko ƙwarzane bai yi ba. Ka yi hamdala sannan ka ci gaba da karatu.

Malam Na'Allah ya cika alkawari, ba a buga ƙarfe ba. Amma a wurinsa babban baƙo ba ya sauka shiru, sai ya gayyato masu kalangu da mata masu guɗa ba tare da ya gaya mini ba, wai don ya girmama ajina. Motar baƙon na tsayawa suka saki kiɗa a bakin ƙofarmu. Zulaihatu ta shige ƙarƙashin tabarma. Mijinyawa ya kama buga kansa da bango, na ruga na rungume shi. Ko da na waiwaya, tabarmar yaronka ba kowa.

Ya fita ta tsakanin makaɗan, hannu biyu a kunne, ya miƙe sai titin Sakkwato. Ga wata babbar mota ta taho daga wajen Shagari a guje. Baba na kira, malamai na kira, kowa na ihu, yaron ko waiwaye. Na san ba zan cim masa da gudu ba. Ban san sanda sunan ya fita daga bakina ba, a gaban surukina, a gaban baƙo, a gaban rabin gari.

Ya tsaya, Maigida. Ƙafarsa ɗaya a kan kwalta ya tsaya, ya juyo yana neman inda muryar ta fito. Iskar motar ta kaɗa masa riga ta wuce.

Baƙon ya tafi bai ce ajin zai ci gaba ba, bai ce a rufe ba. Mata kuma sun samu abin faɗa, wai boko ta cinye mini kunya. Duk wannan bai dame ni ba. Baba ne ya dame ni, ko tuwon da na kai masa bai taɓa ba. A gidan limami ya sauka, ya aiko cewa gobe zai shigo. Na haɗa wa yaron kayansa don kada a fizge shi ba riga, sai na kwance, sai na sake haɗawa.

Ba zan rufe wasiƙar nan ba sai na ga abin da gobe ta zo da shi.

7 ga Disamba

Baba ya zo bayan an tashi yara. Ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarmar Mijinyawa, ya ce in sake kira ya ji. Yaron na kusurwa yana jera marafan kwalba, ya ba mu baya. Na durƙusa na kira sau ɗaya. Shiru. Baba ya buɗe baki zai taya ni, na ɗaga masa hannu, ni da ko idonsa ban taɓa kallo ba. Muka jira har na fara jin ƙarar marin nan a kunnena.

Sai yaron ya ajiye marfin da ke hannunsa. Ya taso, bai dubi idona ba, ya ɗora yatsunsa a kan leɓena ya bar su a nan, kamar mai son a ƙara.

Baba ya daɗe yana share fuska da bakin rawani. Da ya miƙe, abin da ya ce kawai shi ne, “Riƙe shi nan wurinki. Ni ba ni kai shi ko'ina.”

Maniru. Ka ga na rubuta, kuma ban mutu ba. Maniru yana gaishe ka da irin gaisuwarsa. In ka zo hutu, kai ma za ka durƙusa a gabansa ka kira shi, ba “mutumin” ba. Ka fara gwadawa tun a can bakin teku, inda ba wanda ya san mu.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Kulu