Jan Layin da Na Ja wa Kaina

Zuwa ga Mai girma Sufeton makarantun firamare na shiyyarmu,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya.

Sunana Rifkatu, malama a wata 'yar lakol, wato makarantar boko, da ke cikin rairayi, can bayan Garagumsa. Na san sunan ba baƙo ba ne a wurinka, tunda kai da bakinka ka karanta shi a taron daraktoci, ka ce ni ce na fi kowa makara a shiyyar nan. Sau biyu ina rubuto maka ta hannun ofishinka, shiru kake ji. Shi ya sa wannan karon na rubuta a fili. Ba don in ci mutuncin kowa ba ne, don dai na gaji da magana da bango.

Na ɗaya, bari in gaya maka yadda wurin aikina yake, tunda ba ka taɓa zuwa ba. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa, sai rumfar kara a gefensa. Ni ce darakta, ni ce malama, ni ce mai shara. Ni nake buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a jikin bishiyar bedi, don yara su san lokaci ya yi. An ce za a turo mini malami na biyu, yau shekara ta uku ke nan ina share wa kujerarsa ƙura. Lokacin girbin gero nakan buga ƙarfen nan ƙarfe takwas daidai, in koma in zauna ni kaɗai ina kallon allo, sai hantsi ya ɗaga yara su fara ɓullowa ɗaya-ɗaya daga gonaki, da ƙaiƙayi a kansu. Ban taɓa cewa tunda ba kowa bari in ƙara kishingiɗa ba.

Mutanen garin ba su rage ni da komai ba. Matar mai gari takan aiko mini da tuwo, ranar salla kuwa nama har sai na rasa inda zan sa shi, alhali sun san ni kaɗai ce Kirista a garin. Amma daga yaro har tsoho Madam suke ce mini. Sai in yi kwana biyar ban ji an kira sunana ba. In an tashi daga aji, kowa ya shige gidansu, ni kuma in ja ƙofar langa-langata in zauna da littattafan yara. Kaɗaici yana damuna, Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba.

Na biyu, maganar dokarka. Farkon shekarar karatu ka aiko wa kowace makaranta kaye na sa hannu, wato babban littafin da malami zai rubuta sunansa da lokacin zuwansa da na tashinsa. Takardar da ta rako shi ta ce ƙarfe takwas na cika darakta ya ja layi da jan bik. Duk wanda ya zo bayan nan ya sa hannu a ƙarƙashin layin, kuma za a duba wannan in ana maganar canjin wurin aiki. Da na karanta sai da na yi dariya ni kaɗai. Kowane shafi yana da gurbin mutum shida, ni kuwa ni ɗaya ce. Ni ce mai jan layin, ni ce kuma wadda za a ja wa.

Duk da haka na bi dokar, kuma har yau ban ce dokar ba ta da kyau ba. Na san abin da makarar malami take yi wa yara. Ranar da na zo a kan lokaci, in rubuta sunana in ja layi a ƙasansa. Ranar da na makara, in fara jan layin, sannan in rubuta sunana a ƙarƙashi, da lokacin da agogona ya nuna.

Na uku, dalilin makarata, wadda ba ta taɓa faɗawa wata rana ba sai Litinin. Mahaifina yana Zinder, cikin Birni, a ɗakin da muke haya tun ina ƙarama. Shekara talatin ya yi yana aikin jinya a likita, wato asibiti. Yanzu idonsa ya tafi, tunaninsa ma ya fara rawa. Mahaifiyata ta rasu, ƙanena yana Agadas wajen neman abinci, saura ni. Daga Litinin zuwa Juma'a maƙwabciyarmu Ya Falmata ce take kula da shi. Dattijuwa ce 'yar asalin Barno, ba mu haɗa jini ba, ba mu haɗa addini ba, amma ita ke dama masa kunu, ita ke ba shi magani. Asabar da Lahadi kuwa ranakun kasuwarta ne, tana kai barkono da kuka ƙauyuka, kuma da wannan take ci. To, ni nake karɓar ta. In yi masa wanki, in yanke masa farce, ran Lahadi in riƙe hannunsa mu tafi sujada. Ran Lahadi Ya Falmata ba ta dawowa sai bayan magariba, kuma ba zan bar makaho shi kaɗai kusa da murhu ba. A lokacin nan babu ɗan kabu-kabun da zai yarda ya shiga rairayin garinmu.

Saboda haka sai Litinin da asuba nake fita. Mota ba ta shiga lungunmu, da ƙafa nake ratsa yashin Birni har tasha. Motar ba ta tashi sai ta cika, ko da za ka nuna wa direba agogo goma. In na sauka a bakin kwalta, sai abin da Allah ya kawo, ko babur ko amalanken shanu. Wata Litinin in isa tara saura kwata, wata tara da rabi. Duk ranar da na makara nakan riƙe yara bayan lokacin tashi in rama musu abin da na ci, kuma yana nan rubuce a gurbin lokacin tashi. Da alama wanda ya ƙidaya makarata bai kai idonsa wannan gurbin ba.

Agogon da nake dubawa na Baba ne, wanda yake ƙirga bugun jinin marasa lafiya da shi. Ya yi mini yawa, sai da na huda wa maɗaurinsa wani rami da ƙusa. Ranar da na ba shi labarin kayen nan, na ce masa cikin wasa ai ba mai ganina, ko bakwai da rabi na rubuta ta zauna. Bai yi dariya ba. Ya ce shi a shekara talatin bai taɓa rubuta zafin jikin majiyyaci ba sai ya auna, ko da takardar za ta ƙare a kwandon shara. Daga nan ban sake kawo zancen ba.

Na huɗu, ranar taro. Ka sa kowane darakta ya zo da kayensa, aka tara su a kan tebur. Bayan hutun rana ka miƙe ka ce ka ji daɗi ƙwarai, a duk shiyyar nan makaranta ɗaya ce kawai aka samu makara a cikinta, har sau goma sha ɗaya. Ka kira sunana. Ɗaki ya ɗauki dariya, wani daga baya ya ce, "Ita kaɗai ce fa a lakol ɗin, ita ta kama kanta!" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na duba hagu na duba dama, ban ga ido ɗaya da ya tsaya a kaina da tausayi ba.

Da aka tashi, wani Mushe, wato malami namiji, da ya girme ni a aiki ya ja ni gefe. Ba da mugunta ba, tsakaninsa da Allah shawara yake ba ni. Ya ce, "Haba Madam, wa ya aike ki? Kaye a hannunki, bik a hannunki. Kowa bakwai da rabi yake sawa, ke ma ki sa ki huta." Lokacin da ake mayar wa kowa nasa, an miƙo mini na wata makaranta bisa kuskure, na buɗe kafin in gane. Malamai huɗu, wata guda cur, kowa bakwai da rabi, rubutu iri ɗaya, bik iri ɗaya. Ranar Laraba muka yi taron, amma har sun riga sun zo aiki ranar Alhamis da Juma'a. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ko an tambaye ni. Su ma na san wasunsu suna da tasu Litinin ɗin. Abin da nake so ka gani shi ne, kayen nan bai nuna maka wanda ya makara ba, wanda ya rubuta gaskiya ya nuna maka.

Mako biyu bayan taron aka dawo mini da takardar da na nemi a mayar da ni Zinder ko kusa da ita. Shekara biyu ina bin ta, da shaidar likita ta Baba a maƙale. An rubuta a gefenta da jan bik cewa ba a amince ba, saboda yawan makara.

Na biyar, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na ce to, bari in gyara. Na roƙi Ya Falmata ta haƙura da kasuwarta na ɗan lokaci, ni kuma na daina zuwa gida. Mako shida ke nan ban taka Birni ba. In ka buɗe kayena yanzu za ka ji daɗi, babu suna ko ɗaya a ƙarƙashin jan layi. Ran Lahadi nakan zauna a ɗaki in rera waƙoƙin sujada a hankali, don kada maƙwabta su ɗauka wani abu ya same ni. Da la'asar in hau tudun da ke bayan gari, nan ne kawai waya take kamawa, in kira Ya Falmata.

Ita ta gaya mini cewa duk Lahadi tun ƙarfe bakwai Baba yake sa farar rigarsa da takalmi, ya zauna a bakin ƙofa da littafin waƙoƙin da ba ya iya gani. Mako na uku ta kasa jurewa, ta riƙe masa sanda har ƙofar majami'a, ta zauna a gindin bishiya da carbinta har aka tashi. Gwiwoyinta ba su bar ta ta sake ba. Shi kuwa bai taɓa yi mini ƙorafi ba. In ta ba shi wayar, tambayarsa ɗaya ce, ƙarfe nawa na shiga aji. In ce bakwai da rabi, ya ce madalla.

Lahadin da ta wuce ta ba shi wayar kamar kullum. Na gaishe shi, ya amsa da ladabi, irin yadda yake amsa wa baƙi. Ya ce, "Sannu Madam. Daga wane ɗaki ake kira?" Ya ɗauka yana likita, ni kuma wata abokiyar aikinsa ce. Na ce Baba ni ce. Sai na ji yana tambayar Ya Falmata wace ce. Mutum ɗaya ya rage a duniya da yake kirana Rifkatu ba sai ya duba takarda ba. Na daɗe a kan tudun nan ban iya saukowa ba.

Ga roƙona, Ranka ya daɗe.

Ka sake duba takardata ta neman canji, ka karanta gurbin lokacin tashi tare da na lokacin zuwa. In canjin ba zai yiwu bana ba, ka ba ni izini a rubuce in riƙa fara aji tara da rabi ran Litinin in rama da rana. Na riga na yi magana da mai gari da iyayen yara, sun yarda, kuma a shirye suke su faɗa maka da bakinsu. Ka turo malamin nan na biyu, ko don a samu wanda zai ja mini layin. Sannan wata rana ka zo da kanka ba tare da sanarwa ba, wurina da wurin kowa, ka ga wanda yake aji da idonka.

Ba na so ka ji labari a bakin wani, shi ya sa nake gaya maka tun yanzu. Asabar mai zuwa zan tafi gida, da amsarka ko babu. Zan zauna kusa da shi in yi ta magana har muryata ta dawo masa, in Allah ya sa ban riga na makara ba. Litinin kuma zan iso lakol bayan takwas. Zan ja layin da hannuna, in duba agogon Baba, in rubuta abin da ya nuna. Kayen yana kan tebur, ba na kulle shi.

Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya kare ka daga zaluntar wanda ba ka gani ba. Allah ya ba ka tsawon rai, kuma ranar da ƙarfinka ya ƙare, ya sa 'ya'yanka su samu izinin zuwa wurinka a kan lokaci.

Wassalam.

Rifkatu,
malama, ita kaɗai a lakol ɗinta.