Takardar Baftismar Mika'ilu

Kura, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Maraɗi baki ɗaya.

Ƙaninki Mika'ilu ya kwanta. Tun da ya faɗi yana ban ruwa a gonar tumatir ɗin Alhaji Salisu ƙafafunsa suka kumbura, kuma an sallamo mu daga asibiti ba da magana mai daɗi ba. Abu ɗaya yake roƙo, Fada, limamin coci, ya zo ya ji furcin zunubansa, ya shafa masa man addu'ar marasa lafiya.

Na je wurin katikis, malamin cocin ƙauyenmu, don ta hannunsa ake kiran Fada daga gari. Ya buɗe littafi, ya bi da yatsa, ya ce babu sunanmu. Wai mu 'yan dayosis ɗin Maraɗi ne, yankin cocin can, bishop ɗinmu daban, sai an kawo takardar baftisma daga can. Shekara uku mijina yana share masa coci, bai taɓa tambayar tsintsiyar ko 'yar wace dayosis ce ba. Takaici kamar ya kashe ni, Yaya.

Don Allah ki karɓo takardar ki ba direban Kano, kada ta kwana a hannunki.

Taki,
Tambaya

Kura, 15 ga Fabrairu

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙurinmu? A waya kuka ya hana ni yi miki bayani.

Takarda ta iso ran Talata. Katikis ya jujjuya ta, ya ce da Faransanci take, sai an nemo mai fassara. Ya cusa ta a aljihu ya tafi cirar albasarsa. Ran Alhamis da hantsi Mika'ilu ya cika, idonsa a bakin ƙofa. Ma'aikatan Alhaji Salisu, Musulmi, su suka taya mu haƙa kabari.

Fada ya zo jana'iza. Da na gaya masa yadda muka yi da katikis sai ya dafe kai, ya ce babu wannan doka, cocin ɗaya ce har Nijar, da an buga masa waya da tuni ya hau babur. Katikis yana gefe yana sosa ƙeya. Ko kallonsa ba na iya yi, ƙyamarsa nake ji.

Jiya katikis ɗin ya aiko tambayar sunan mahaifinku, zai shigar da Mika'ilu littafin matattu. A wannan littafin bai nemi takardar kowa ba.

Ki gai da yara.

Taki cikin baƙin ciki,
Tambaya