Wankan da Baban Amira ya yi a Japan

Daren Laraba, Sri Petaling

Baban Amira ya dawo daga taron jami'arsu a wani ƙaramin gari a karkarar Japan. Muna cin abinci yana nuna mini hotuna: wata tsohuwar fada, gonakin shinkafa a jikin dutse, sai wani kududdufin ruwan zafi mai tururi.

Wai har ya shiga. Da gajeren wando ya je, aka ce a al'adar wurin sai dai tsirara. Shi da farfesansa da tsofaffin garin, ruwa ɗaya!

Na ce, "Ba ka da bakin cewa a'a?" Ya ce kunyar farfesa ya ji. Kunya fa!

Abincin ya fita raina. Kuma ranar Asabar farfesan nan zai zo mana cin tuwo. Da wane idon zan gaishe shi?